Ranar da na miƙa wa Bajapane kwari da baka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye sauran tunanina, da ranar da na naɗa kaina mai ba ƙasar Japan shawara kan tsaro. Shekarar da naira ta shigo ce, ina koyarwa a wata firamare kusa da Fadan Kagoma. Ina da rediyo mai batir, ina da taswirar duniya a bangon ɗaki, saboda haka duk gardamar da ta tashi a kasuwa, ni ake nema. Kaina ya kumbura ƙwarai.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ni ba, kuma shi ne wanda na fi bukata: Baba Dauda, dattijon ikilisiya, tsohon sojan da ya yi yaƙin ƙasar Bama can Asiya, inda suka kara da sojojin Japan, uban Rifkatu. Iyayena sun kai gaisuwar neman aurenta har sau biyu, amsarsa ɗaya ce: "Yaron nan baki ne kawai."

Ana nan sai Fasto ya sanar cewa wani Kirista Bajapane, masanin noma, zai sauka a jirgin ƙasa a Kafanchan ya zo ganin yadda muke noman citta. Wa zai yi jawabin maraba? Ai kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Na ce a raina, ga ranar da Baba zai san wane ne ni.

A wajenmu, babban baƙo namiji kwari da baka ake ba shi, alamar an ɗauke shi jarumi. Ni kuwa abin da na sani game da Japan shi ne hirar tsofaffin sojoji: mutane ne masu zafin yaƙi, ba sa ja da baya. (Rediyon fa? Wallahi idan an zo labarin Asiya nakan murɗa in nemi kiɗa.) Na aro bakan kawuna, na koya wa 'yan aji shida rawar maharba.

Ran Lahadi bayan sujada aka taru a ƙarƙashin mangwaro. Baƙon ɗan siriri ne mai tabarau, sai sunkuyawa yake yi wa kowa, har da awaki ina jin. Na gyara wuyan riga na fara, da Turanci ina juyawa da Hausa don Baba ya ji. Na ce Japan zaki ce. Na ce ga Sin a gefe, ga Rasha a sama, ga Koriya ta rabu biyu, ga wuta na ci a Biyetnam, don haka kada su yi sanya. "Ku ƙara sojoji! Ku fara bugu kafin a buge ku!" Yara suka buga ƙafa, na ɗaga bakan sama na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba.

Ya sunkuya, ya yi magana a hankali, Fasto yana fassarawa. Ya ce ya gode, amma tun bayan babban yaƙi dokar ƙasarsu ta hana su kai wa kowa yaƙi. Dakarun da suke da su na kare gida ne, sauran tsaron sun jingina da Amurka, kuma har gobe suna gardama a kan hakan. Sin ɗin da nake cewa su buga, bai daɗe ba suka maido da zumunci da ita. Sannan ya ce wansa ya tafi Bama bai dawo ba.

Kai jama'a! Ga ni tsaye, hannuwa a miƙe, gumi na bin bayana. In ajiye, kunya. In riƙe, kunya. Na hango Rifkatu cikin 'yan kwaya, mawaƙan ikilisiya, ta rufe fuska da littafin waƙa. Da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Sai Baba Dauda ya tashi da sandarsa. Ya zare bakan daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa a hannun jariri, ya sa aka kawo garmarsa, ya ba baƙon. "Fasto, gaya masa ni ma na je wurin. Mun bar namu a can, sun bar nasu. Ya isa." Shi da baƙon suka riƙe hannun juna. Ni dai ban gudu ba. Har kujeru na taya kwashewa.

Da yamma Baba ya aika a kira ni. Na durƙusa, ina jiran hukunci.

"Malam, ka taɓa jin harsashi ya wuce kunnenka?"

"A'a, Baba."

"Shi ya sa yaƙi yake maka daɗi a baki." Sannan ya ce, "Amma ka sha kunya gaban jama'a ba ka gudu ba, ba ka kuma yi musu ba. Mai iya wannan zai iya zaman aure. Ka turo iyayenka."

Muna tare da Rifkatu har yau, lafiya lau. Abin da na koya shi ne, mai zuga a yi faɗa yawanci ba shi zai shiga ba. Yanzu ko kaji ne suka kaure a tsakar gida, sai na tambayi matata ra'ayinta kafin in ce uffan.