Yadda Za Ka Yi Jinyar Karen Da Ke Cinye Maka Girkin Matarka

Idan ka shekara bakwai kana miƙa wa kare girkin matarka ta ƙarƙashin tebur, kana mayar mata da faranti fes kana cewa "hannunki da albarka", yau kuma ga karen kwance hanjinsa ya kumbura, to wannan darasi naka ne. Bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari kare zai tashi, asirinka kuma ba zai tonu ba. Ni na bi ta hanyar nan da nawa karen, Manaja, kuma daga ni har shi muna nan da ranmu.

1. A gaban likita, riga kowa magana

Likitan dabbobi zai latsa cikin kare, ya ɗago kai ya ce, "Me yake ci?" Matarka za ta faɗi abin da ta sani: abincinsa na buhu, safe da yamma. Likita zai ce, "Madam, cikin nan ya sha mai da barkono, kuma ba na kwana ɗaya ba."

Nan za ka girgiza kai cikin takaici ka ce, "Maƙwabta ne. Kwandon shararsu kullum a buɗe." Maƙwabci ba ya wurin, ba zai kare kansa ba. Idan ta ce ai karen bai taɓa leƙa ƙofar gida ba, yi tari, ka tambayi likita inda ya yi karatu.

2. Haddace dokar, ka fi kowa tsanani a kanta

Dafaffiyar shinkafa da ƙirjin kaza, an cire fata. Ba mai, ba gishiri, ba albasa. Cokali uku-uku, sau biyar a rana. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe ka manna a ƙofar firji. Ƙara da cewa, "Duk wanda na kama yana ba karen nan abin tebur, ni da shi ne." Ku biyu ne kawai a gidan, amma kada wannan ya hana ka ɗaga murya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

3. Raba shi da gwiwarka

Kwana uku da dawowa gida, zai rarrafo lokacin cin abinci ya zauna daidai gwiwarka ta hagu, ya buɗe baki yana jira. Shaida ne, kuma shaidan da ba ya karɓar cin hanci, tunda an hana shi ci.

Matarka za ta ce, "Maigida, me yake jira a nan?"

Ka ce, "Ƙauna ce. Dabba ta san wanda ya damu da ita." Kada ka haɗa ido da shi. Kada kuma ka zabura in ta ce "ƙarƙashin tebur", wataƙila shara kawai take nufi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

4. Yanzu ina abincin zai tafi?

Na riga na gwada maka hanyoyi. Tukunyar fure da ke bakin taga ta ɗauki kwana huɗu, sannan furen ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. Kyanwar maƙwabta ta shinshina sau ɗaya, ta daina biyowa ta layinmu. Leda a aljihu tana aiki har zuwa lokacin da za ka manta ka zauna.

Saura hanya ɗaya: ka ci. Yanka ƙanana, ka tura can bayan harshe, ka bi da ruwa. In hawaye ya zo, ka ce na tausayin kare ne. A loma ta biyar za ka gane irin hidimar da bawan Allahn nan ya yi maka shekara bakwai ba tare da ya kai ƙara ba, kuma wallahi kunya za ta kama ka.

5. Garin gyaran ciki

Likita zai ba ku wani gari a ƙananan takardu, a barbaɗa wa kare a abinci don hanjinsa ya daidaita, da ruwan bitamin na ɗigawa a baki. Mako guda da fara cin girkin da kanka, za ka soma yi wa garin nan wani irin kallo. Kira likita ka ce, "Ranka ya daɗe, in da kare zai kai kilo tamanin da biyu, takarda nawa zai sha?" In ya ce ka kawo karen ya gani, kashe wayar.

6. Kada ka ɗanɗana abincin mara lafiya

Ni na ɗanɗana. Matata gwana ce ta ƙari: ta ƙara wannan, ta ƙara wancan, ta tuna wani abu da ta gani a waya ta ƙara. Yau likita ya ɗaure mata hannu, sai ga shinkafa ta fito shinkafa, kaza ta fito kaza. Ban taɓa cin abu mai daɗi irinsa a gidana ba. Daga cokali ɗaya na koma raba kwano da Manaja, ina tsugune a bayan ƙofar kicin, yana kallona ina kallon bango. Ranar awo aka ɗora shi a sikeli bai ƙara ko giram ɗaya ba, ni kuwa bel ɗina ya matsa gaba da huji guda.

7. Ranar da za ta ajiye kwano biyu

Wannan matakin ba kai ke yin sa ba. Tawa ta fito daga kicin da kwano biyu na farar shinkafar nan, ta ajiye ɗaya a ƙasa, ɗaya a gabana, ta ja kujera ta zauna.

"Ci naka, ka bar masa nasa," in ji ta.

Na fara maganar maƙwabta. Ta ɗaga hannu.

"Maigida, shekara bakwai, ka taɓa tsintar ƙashi a farantinka? Cirewa nake yi kada ya shaƙe shi. Tun watan farko na gani." Ta sunkuya ta shafa kan Manaja. "Man ma ni nake ƙara masa, don yana so. Ni na kwantar da shi. Shi kaɗai ne a gidan nan ya taɓa cinye abincina ya ɗago kai yana neman ƙari."

Babu dabarar da zan koya maka a nan. Na ture kwanon shinkafar, na tashi na shiga kicin, na buɗe tukunyar da ta girka wa kanta, na cika faranti na dawo na cinye a gabanta. Sannan na miƙa mata farantin na ce ta ƙara.

Ta ƙara kuwa. Da babban ludayi.

Hattara

Alkawarin rufin asiri da na yi maka a sama, na janye shi. Maganar abincin kare, likitanku za ka tambaya. Marubuci ba ya ɗaukar alhakin furen da ya mutu, ko wandon da ya ɓaci, ko gabar da ta shiga tsakaninka da maƙwabci. Kuma in ka kai mataki na bakwai ka nemi ƙari, ka sani daga ranar nan kullum za a ƙara maka, kuma babu kowa a ƙarƙashin tebur.