Yadda Za Ki Zama Shahararriyar Tela Kafin Ki Iya Ɗinki

'Yar'uwa, idan burinki shi ne a riƙa nuna ki a gidan biki ana cewa "waccan ce ta ɗinka", to kin zo inda za a share miki hawaye. Hanyar nan ba ta buƙatar keke, ba ta buƙatar jari, basira ma in babu ba laifi. An gwada ta a garin nan a kan Saudatu ta unguwar Wambai, ta kuwa yi aiki. Ni shaida ne, don teburin da nake kasa goro yana kallon shagon da ta yi koyo. Ki bi matakan nan bi da bi, na ba ki tabbacin za ki yi suna. Irin sunan dai ban yi miki alkawari ba.

Mataki na 1: Ki nemi uwar ɗaki mai allo

Kada ki ɓata lokacinki wurin telan da ke ɗinki a zaure. Ki nemi shago mai allo da zanen mace ta riƙe ƙugu. Saudatu ta zaɓi Madam Adenike, Bayarabiyar nan ta unguwar Bagama, wadda allonta ke cewa Gidan Yayin Abuja. Da aka ɗauke mana sunan Abuja aka ba sabon babban birni, aka ce mu koma Suleja, kowa ya kira mai fenti ban da Madam. Cewa ta yi yanzu ne ma allon ya yi daraja, tunda ba ta motsa ko kujera ba ta wayi gari da shago a babban birnin ƙasa. Mace mai irin wannan kai ita za ki bi.

Ki je da babba. Gwaggo Hajjo ce ta kai Saudatu, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta tun tana rarrafe.

"Ga ta nan, Madam, amana ce," in ji Gwaggo. "Bakinta ya fi hannunta sauri, amma tana da tsafta."

Madam ta ƙare wa yarinyar kallo ta saman tabarau. "Ba wahala, Mama. Shi zai koya. Amma small small."

Kada ki ji haushi in Madam ta ce miki "shi" ko "kai". Mijinta ma "ke" take ce masa.

Mataki na 2: Ki ƙware a duk abin da ba ɗinki ba

Shara. Ɗebo ruwa. Hura gawayin dutsen guga. Sayo amala da zafinsa. Tsintar allurai a ƙasa. In kin yi sa'a, Anti Bose, babbar 'yar koyo, za ta jefo miki riga ki sa maɓalli. Shi kuwa keke gogewa ake yi, ba a hawa. Duk ranar da ƙafar Saudatu ta doshi matakinsa sai ta ji murya daga bayan labule: "No touch am."

Ranar kasuwa ki nemi ɗan aikin gefe. Saudatu takan riƙe wa mai gwanjo madubi, tana faɗa wa kowace mai saye cewa kamar don ita aka ɗinka. Masana sun tabbatar rabin sana'ar nan ke nan.

Mataki na 3: Ki rataya tef a wuya

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan sauran. Saudatu ta tsinci tsohon tef ɗin awo da Madam ta jefar, mai lambobin inci da suka fara gogewa, ta rataya. Da shi take zuwa rijiya, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Kafin ta shiga gida takan liƙa 'yan zarurruka a zaninta, ta zube a tabarma ta ce, "Wash, Gwaggo, aiki ya yi mana yawa." Ki lura da kalmar "mana". Ba ƙarya a cikinta, kuma ba gaskiya.

Gwaggo takan ƙara mata nama a miya, ta leƙa ta katanga ta faɗa wa maƙwabta cewa 'yarta ce ke riƙe da shagon Bayarabiyar nan.

Mataki na 4: Ki ƙulla zumunci da buhun siminti

Babu Madam mai hankali da za ta ba 'yar koyo yadi. Za a tura ki inda ake gini ki roƙo takardar buhun siminti, ki karkaɗe, a kanta za ki koyi yanka. Dokokinta biyu ne. Na farko, a tsakiya ake yanka, don gefen buhu kullum a yage yake. Na biyu, takarda ba ta isa, saboda haka Anti Bose za ta yaga miki ɗan guntu, komai ki yi shi ƙarami. In kin nuna ladabi, a bar ki ki taka keke a kan takardar, ba zare.

Saudatu ta zama gwana. Buba, siket, riga mai tattara, duk ta iya, sai dai ko wanne bai wuce na 'yar tsana ba. Takan koma gida fari fat da ƙurar siminti, Gwaggo ta ɗauka allin tela ne.

Mataki na 5: Kada ki taɓa cewa "ban iya ba"

Hannatu, 'yar Gwaggo ta cikinta, ta haifi mace, jikar fari. Gwaggo ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta tono wata atamfa mai zanen ganye da ke can ƙasa.

"Marigayi Malam ne ya sayo min ita daga Kaduna, tafiyarsa ta ƙarshe," ta ce, tana nufin mijinta, tana shafa atamfar. "Na ce ba mai sa mata almakashi sai 'yar gida ta iya. Zanin na ware, ni zan yi masa kalmasa. Wannan guntun ki yi min buba, in sa ranar suna."

Saudatu tana ƙaunar matar nan fiye da kowa a duniya, kuma ta san ba ta taɓa yanka abin da ya fi takarda tsada ba. Ta buɗe baki. "Gwaggo, ai..."

"Na riga na faɗa wa su Asibi."

Asibi ce maƙwabciyar da labari ba ya kwana a bakinta. Saudatu ta rufe nata bakin, ta sauke tsohon tef ta zagaye Gwaggo da shi. Ƙirji arba'in da biyu. Ta auna tsawo, ta auna hannu, ta gyaɗa kai irin na manya. Haka ake so ki yi.

Mataki na 6: Ki jira Lahadi

Madam da Anti Bose suna coci, makulli kuwa yana hannun mai shara. Saudatu ta buɗe shago da hantsi, ta shimfiɗa atamfa. Ta ga babban aiki bai dace da tsohon tef ba, sai ta ɗauko sabon na Madam. Abin da ba wanda ya taɓa faɗa mata shi ne sabon tef fuska biyu gare shi, tun da hukuma ta kawo sabon awo: ɗaya inci, ɗaya santimita. Ta kama fuskar da ta fi kusa, ta nemo arba'in da biyu, ta ja alli. Ta yi bisimilla ta yanka a tsakiyar yadi, kamar yadda aka koya mata.

Abin da ya fito daidai yake da abin da ta saba gani, don haka hankalinta ya kwanta. Ta zura zare, ta taka keke, layi ya tafi santal. Ta goge. Sai da ta ɗaga rigar ta kara a ƙirjinta ta ga ko rabinsa ba ta rufe ba. Ta ce ƙila in an wanke za ta buɗe.

Tana cikin jan rigar da hannu biyu, Madam da Anti Bose suka shigo da kwalliyar coci.

"Ah ah, wa ya haihu?" in ji Anti Bose. Ta ɗauki tef ta juya shi gaba da baya a gaban idon Saudatu. "Wannan inci. Wannan santimita. You no sabi?"

Madam ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ban tsoro. Ta ɗaga ragowar atamfar ta leƙo Saudatu ta ramin da ke tsakiya. Ko aljihun kirki ba zai fita a abin da ya saura ba, kuma an daɗe da daina kawo irin zanen kasuwa. Ta juya 'yar rigar ta bi ɗinkin da farce, ta ce "Hmm."

"Je ka faɗa wa Mama da bakinka," ta ce.

Mataki na 7: Ki kai kaya a cikin taro

Mai gaskiya a ranar za ta faɗa. Ke kuwa suna kike nema, don haka ki yi ta cewa "saura guga" har ranar biki. Saudatu ba dabara ce ta sa ta jinkiri ba, tsoro ne. Kullum takan shirya maganar a hanya, ta iso ta tarar da Gwaggo tana kalmasar zaninta tana waƙa, sai ta kasa.

Ranar suna tsakar gida ta cika da mata. Gwaggo ta ɗaura sabon zani a kan tsohuwar bubarta da ta koɗe, tana jira. Saudatu ta durƙusa ta miƙa ƙunshi, kanta a ƙasa.

"A buɗe mu ga aikin Abuja," in ji Asibi.

Gwaggo ta buɗe. Ta ɗaga rigar da yatsu biyu.

"Hajjo," in ji Asibi, tana danne dariya, "ta ina za ki shiga?"

Gwaggo ta dubi rigar. Ta dubi Saudatu, wadda hawayenta ke ɗiga a kan tef. Ta juya cikin rigar waje ta duba ɗinkin, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Hannatu, miƙo min yarinyar nan."

Aka zura wa jaririya. Wuya daidai, hannu daidai, ganyen atamfar ya zauna mata a tsakiyar ƙirji.

"Haka na so ta," in ji Gwaggo, ba ta ko ƙifta ido ba. "Malam bai ga jikarsa ba. To ga ta cikin kayansa, ga ni cikin kayansa."

Aka rangaɗa guɗa. Asibi da kanta ta ce tun farko ta gane manufar. Kafin a raba tuwo, duk mai ciki da mai goyo a gidan ta riƙe hannun Saudatu tana tambayar ina shagon yake. Gwaggo kuwa ta wuni tana karɓar baƙi da koɗaɗɗiyar bubarta.

Mataki na 8: Ki karɓi sunan da aka ba ki

Da la'asar, mutane sun ragu, Gwaggo ta kira ta ɗaki.

"Saude, ɗinkin ya miƙe, shi ya sa na tare miki. Amma na so in sa rigar nan."

Saudatu ta so a ce marinta aka yi. Gwaggo ta miƙa hannu ta zare tsohon tef daga wuyanta, ta naɗe, ta sa shi a ƙasan akwati inda atamfar ta tashi.

"Ranar da kika iya, ki zo ki auna ni. Ina nan, ba ragewa zan yi ba."

Washegari Saudatu ta iso shago wuya ba komai, ta tarar da mata da goyo suna tambayar Telar Jarirai. Madam ta miƙa mata tsintsiya. Da ta gama shara, ta nuna mata keke, da zare a kansa. Kuma Madam ɗin da ta ƙi kiran mai fenti don sunan gari guda, a makon ta kira shi ya ƙara layi a ƙasan allo: Da Kayan Jarirai.

Hattara

Mai wannan shawara ba shi da alhakin atamfar da ta lalace, ko keken da ya karye, ko kunnen da aka murɗe. Na manta ban faɗa miki tun farko ba, akwai kayan aiki ɗaya da hanyar nan ba ta tafiya sai da shi: gwaggon da za ta yarda ta wuni da tsohuwar riga ranar farin cikinta don kada a yi miki dariya. Na zagaya kasuwar garin nan kaf, ba a sayar da irinta. In ba ki da ita, ki koyi ɗinki. In kuma kika bi matakan nan abin ya kwaɓe, kada ki doshi teburina, ni goro nake sayarwa.