Wuyan Yanka a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin farko bayan rasuwar mahaifina ba, kuma ko da na so in manta, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna min har ƙarshen rayuwata.

Mu a Zuru ba abin mamaki ba ne a gida ɗaya wani ya nufi masallaci wani ya nufi coci. Babana Musulmi ne, yayarsa kuwa, Gwaggo Rifkatu da ke aure a Dabai, Kirista ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da Sallah mu ke kai mata waina da cinyar rago. Da Kirsimeti kuma babana ke hawa babur bayan sallar asuba, ya je ya yanka mata akuyarta, don kowa a dangi ya ci hankalinsa kwance. Ladan aikinsa shi ne wuyan yanka, kamar yadda ake bai wa duk wanda ya riƙe wuƙa. Ni ban taɓa bin sa da safen ba. Sai an sauke tukwane nake zuwa, a matsayina na ɗan boko mai aikin ci.

A shekarar na gama bautar ƙasa ke nan, ina zaune a gida da digiri a fannin ƙwayoyin cuta (karatun da, a iya sanina, bai ƙara min komai ba sai tsoron ruwan randa). Ana jibi Kirsimeti Gwaggo ta kira ni a waya. Ita Babana take ce min, don sunan mahaifinta aka sa min.

"Babana, jibi ka taho da sassahe, ka ji?"

Na ce, "To Gwaggo, in Allah ya yarda zan yi ƙoƙari, sai dai ko in wani abu ya taso."

Haka nake magana. Ko tambayata aka yi ko ana ruwa, alhali ina tsaye a cikinsa, sai in ce da alama.

Na zauna na yi nazarin saƙon nan. Da safe duk suna coci, in na je zan zauna ni kaɗai da karen gidan. Wataƙila kara ce kawai irin ta manya. Na yanke shawarar in isa bayan azahar, har ina yaba wa kaina da sanin ya kamata. Ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba in tambayi kaina me babana ke zuwa yi da sassafen.

Na isa cikin farar shadda, da lemon ɓawo a baƙar leda. Tun daga ƙofa ƙamshi ya tare ni. Tsakar gida cike da mutane, ga dafa-duka a babbar tukunya ta yi jawur, ga tuwon dawa da miyar yakuwa don tsofaffin da ba su ɗauki shinkafa abinci ba, ga farfesun kayan ciki yana tafasa, cincin a bokiti, zoɓo a kula. Mijin Gwaggo, Baba Yohanna, tsohon soja, yana kishingiɗe a kujerar roba, karensa mai suna Kofur na kwance a ƙafarsa.

Tabita ce ta fara gani na. 'Yar Gwaggo ce, wato taubashiyata, kuma ta ɗauki wasan nan tamkar aikin gwamnati.

"Farfesa ya iso! A tafasa mishi cokali!"

Gwaggo ta fito daga madafa tana share hannu a zane. Ta dube ni ɗan jim kafin ta ce, "Ka iso, Babana?" Ba ta ce komai game da safiya ba, ni ma na ji daɗi da ba ta ce ba. Ta shimfiɗa min tabarma a rumfa, nesa kaɗan da hayaniya, ta koma ta ɗauko wani tsohon kwano mai murfi ta ajiye a gabana da hannu biyu. Na buɗe. Shinkafa ce, a kanta manyan tsokoki huɗu masu ƙashi, sun sha mai da yaji.

Na kai hannu ke nan wata tambaya ta tsayar da ni: to bana wa ya yanka?

Na waiga dama, na waiga hagu, ban ga Musulmi ko ɗaya a gidan ba sai ni. Ga fatar akuya can an shanya a kan katanga, ba ta da bakin ba ni amsa. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: na san malamai sun yi bayani a kan wannan mas'ala, kuma na karanta fiye da ra'ayi ɗaya. Matsalata ita ce duk wanda na karanta a ƙarshe shi nake bi, ranar kuwa na kasa tuna wanne ne na ƙarshen.

Na auna hanyoyin da ke gabana. In na tambaya, kamar na zargi matar da ta goye ni. In na bar naman a kwano, za ta gani. In na ci, zan kwana ina juyi. Mutum mai hankali zai zaɓi ta farko, ya gama cikin numfashi ɗaya. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a sai na ƙirƙiro ta huɗu. Na juye lemon a tabarma, na riƙa ɗaukar tsoka ɗaya bayan ɗaya ina zurawa a leda, ina tauna iska don kada a gane. Na ƙulle ledar, na cusa a aljihun gefe na rigata. Shinkafar kuwa na cinye tas, duk da a romon naman aka dafa ta (kada a tambaye ni hikimar wannan, ni ma na nema ban samu ba).

Gwaggo ta leƙo ta ga kwano wayam. Fuskarta ta saki a karo na farko tun zuwana.

"Har ƙashin, Babana?"

Na ce, "Ai ya dahu sosai, Gwaggo."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi ta koma. Wannan dariyar ita ce abin da ya fi damuna har yau.

Wanda bai yarda da labarina ba shi ne Kofur. Ya taso daga wurin maigidansa, ya zo ya zauna daidai gefena na dama, ya kafa wa aljihuna ido. Na ce masa tafi a hankali. Ya matso. Na gyara zama, ya gyara. Can na ji ɗumi yana bin cinyata, na saci kallo, sai ga jan mai ya fara zana taswira a kan farar shadda. Ƙashi ya huda ledar.

Ina cikin lissafin yadda zan sulale sai aka yi sallama. Malam Isiya ne, limamin masallacin unguwar, abokin babana tun suna yara. Baba Yohanna ya miƙe ya ba shi kujera, aka kawo masa kwano, ya yi bisimilla ya ɗauki nama ya kai baki, ba nazari ba bincike. Ya hango ni ya ɗaga murya.

"A'a, ɗan Audu! Kai ne ka sa aka tashe ni da babur da hantsi? Gwaggonka ta wasa wuƙar ubanka tun jiya, ta ɗaure akuya tana jiranka har aka shiga coci ba ta tahi ba. Da ta ga shiru ta aika a ɗauko ni. Na yanka kuma ta hana ni wuyana! Wai na ɗan ƙanenta ne, ni in yi haƙuri da cinya. To ya ka ji shi?"

Sai a lokacin na gane abin da ke aljihuna. Tsokoki huɗu masu ƙashi a tsakiya. Kuma na tuna kwanon: shi ake sa wa babana kowace shekara.

Ba yadda za a yi babba ya yi maka magana kana zaune daga nesa. Na tashi na dafe gefen riga, na tafi a karkace kamar mai ciwon ƙugu, na tsuguna gabansa na miƙa hannu biyu. Hannu biyu, jama'a. Aljihu ya zama ba mai gadi. Kofur, wanda da alama ya gaji horon maigidansa, ya zura kai ya fizgo ledar. Ta yage, wuyan yanka ya watse a ƙasa a gaban liman, da tsohon soja, da matan zumuntar coci kusan goma masu anko. Kofur ya ɗauki mafi girma ya yi bayan gida da gudu.



Tabita ce ta fara magana. "Ku bar shi, ɗakin gwaji zai kai ya auna!" Wasu suka yi dariya. Baba Yohanna ya ce wa karensa ɓarawon banza, amma ba da zuciya ɗaya ba. Na buɗe baki na ce wai Inna zan kai wa. Ba wanda ya taya ni, don kowa ya ga ƙullin da aka riga aka ware wa mahaifiyata a kan tebur.

Gwaggo ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta sunkuya ta tsince sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, tana hure musu ƙasa. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ka tambaye ni, Babana. Shekara talatin ubanka na ci a gidan nan, ban taɓa ba shi abin da zai yi shakka ba."

Na ba ta haƙuri ranar, na sake komawa bayan kwana biyu na ba ta. Ta ce ya wuce, kuma na yarda ya wuce, ko da yake ba zan iya rantsuwa ba. Da shekara ta zagayo ban jira waya ba, ana idar da sallar asuba na hau babur. Ta miƙo min wuƙar babana. Malam Isiya na tsaye a kaina yana gyara min riƙo, na yanka.

Da rana ta ajiye min kwano a rumfa. Ba tsohon nan mai murfi ba ne, na roba ne irin na kowa. Akwai wuyan a ciki, ba ta tauye min haƙƙina ba. Amma a gefe ta sa dafaffen ƙwai guda biyu da ɓawonsu.

"Wannan ba wanda ya yanka shi," in ji ta. "Ko da shakka ta taso."

Shekara uku ke nan ina yanka, ƙwan bai taɓa fashi ba, kwanon babana kuma bai sake fitowa ba. Ban tambaye ta dalili ba tukuna, ina dai shirin tambaya. Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne tambayar da na ji kunyar yi da baki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan amsar da kare ya ciro min daga aljihu. Yanzu kuma duk rigar da zan sa zuwa Dabai, sai na tabbatar ba fara ba ce.