Ranar da Kawu ya sa na maimaita shahada

Da na je Umra, gidan Kawu na sauka a unguwar Shisha. Ana shan gahawa da baƙi, ya tambayi abin da nake karantawa. Da na ce "adabi" na tsuke bakina, da na tsira. Ina! Na gyara zama, na shiga zuba bayanin yadda gicciye da ceto suka cika ƙagaggun labaran Turawa, har da ɗaga yatsa.

Kawu ya ajiye finjali, ya miƙo mini zamzam.

"Ya waladi, ɗana, sha. Sannan ka yi kalmar shahada mu ji."

Na yi, gumi yana keto mini.

Har yau in na buga waya, sai matarsa ta ƙwala masa kira: "Alhaji, zo ga Fasto!"