Ranar da Kawun Hadiza Ya Same Ni a Fagen Fama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da kawun Hadiza ya zo binciken halina. Hadiza ce nake nema da aure, kawun nata kuwa modibbo ne, wato babban malami, da ba a tsallake maganarsa a danginsu. In ya ce a'a, to zance ya mutu.

Ni malamin tarihi ne a wata makaranta a Garwa, kuma ina da wata lalura: ƙananan sojojin roba, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Daga Duwala ake kawo min su, in zauna in yi musu fenti har gashin baki. A kan wani faffaɗan katako na gina yaƙin da aka yi da Jamusawa a garin nan, da ramukansu, da igwa, da kogin Binuwai na shuɗin fenti. (Don ɗalibai nake yi, haka nake ce wa mutane. Babu ɗalibin da ya taɓa ganinsa.)

Wata Asabar da hantsi ina rub da ciki a tsakar ɗaki, daga ni sai gajeren wando, ina kora rundunar Faransa gaba. Bakina ne igwar: "Dum! Ratatata!" Har da ihun wanda harsashi ya samu (na ƙware a wannan, Allah ya shirye ni). Ashe kawun nata ya iso, bawan Allah ya yi ta sallama. Da ya ji ihun sai ya bankaɗo labule, ya zaci yanka ni ake yi.

Ya dube ni, ya dubi katakon.

"Malam, waɗannan gumakan fa?"

"Allah gafarta Malam, ai... na yara ne."

"Yaran wa? An ce mana ba ka taɓa aure ba."

Innalillahi! Da bakina na haifa wa kaina 'ya'yan ɓoye. Gumi ya karyo min, kunya kamar in nutse.

"Nawa ne," na ce, kyaftin ɗin Jamus na hannuna. "Ni ke wasa da su."

Ya sa takalmansa ya tafi. Daga baya Hadiza ta ba ni rahoton da ya kai gida, tana dariya har da hawaye: "Ba ya shaye-shaye, ba ya neme-neme, ku ba shi. Amma ku shaida wa yarinyar nan raino za ta je, ba aure ba."

An ba ni. Na kuma koyi cewa kafin ka yi wa surukai ƙarya, ka tabbata ba ta fi gaskiyar muni ba. Har yau in ana raba wa yara alawa ranar Sallah a gidansu, sai an miƙo min tawa.