Farin Shafin da Na Sa Aka Goge

Autata Rabi tana haɗa manhajar waya. Ta saka mini wata ta gwaji, ta ce kowane maɓalli inda ya dace zai kai ni.

"Inna, ki yi ta dannawa. In kin ɓace, ki kira ni."

Ni da na gama yaƙi da jahilci zan ɓace? Ina ta dannawa sai shafin ya koma fari fat. Kunya ta hana ni kiranta. Na hau acaɓa zuwa Gwaram, mai gyaran waya ya goge komai.

Da Rabi ta ji, ta dafe kai. "Inna, matsalar da nake nema ke nan kafin mu fitar! Me kika danna?"

Wallahi na manta.

Har yau ko tulu ya tsage, sai yarana su ce, "Ku ɓoye, kar Inna ta kai shi Gwaram."