Rasuwar Libarbar Saje Arzika

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika maƙil, ni Tajuddeen Arzika, mai tarawa da gyaran tsofaffin bindigogin soja a Tudun Wada, Gusau, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babbarmu, Libarba, ƙaramar bindigar da mahaifinmu, marigayi Saje Arzika, ya dawo da ita daga yaƙin Bama. Ta cika a wata maƙera a Bilbis ta ƙasar Tsafe, cikin kakar bana ta 1998, tana da shekara hamsin da ɗoriya a hannunmu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina roƙon duk wanda sanarwar nan ta iske, in yana da hanya ta Karakkai, ya kai ta ga yayana Haliru. Tun ranar da abin ya faru bai sake taka ƙofata ba, ni kuwa ba ni da wani ɗan'uwa bayan shi.

Marigayiyar mai kawaici ce. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, domin kafin Baturen da Baba ya yi wa aiki ya ba shi ita kyautar sallama, sai da aka narka darma aka toshe bakinta. Hukuma ta san da zamanta, ta kuma san ko kaza ba za ta iya firgitawa ba. Maganarta ba ta wuce uku. In aka karya ta a tsaka ta buɗe, ta ce ƙwas. In aka juya gidan harsashinta mai ɗaki shida, ta ce kis-kis-kis, a hankali, ba gaggawa. In aka ja kunama, ta ce ƙyas, shi ke nan ta gama zance. Ba ta da ci. Ɗigon man keken ɗinki ranar Juma'a da tsumma mai laushi sun ishe ta mako.

Ina ɗan yaye Baba ya rasu, kuma ko hoto bai bari ba. Abin da na sani nasa shi ne ƙotar bindigar nan ta katako, inda babban yatsansa ya goge wuri ɗaya har ya lotsa. Na same ta a ƙasan adakar Inna a Furfuri, tsatsa ta ci rabinta. Na yi shekaru ina binta da kananzir da tsinke da haƙuri, ina kwance ta ƙusa-ƙusa, har baƙinta mai shuɗi-shuɗi ya dawo. Amma ƙotar ban taɓa sa mata ko sanfefar gugar katako ba. A kanta na koyi sana'ar nan, saboda ita na fara tara sauran. Wallahi na so ta, ba na jin kunyar faɗa.

Ciwon ajalinta gajere ne, kuma ƙauna ce ta kawo shi. Allah ya ba Yaya Haliru ɗa namiji da tsufansa, ya ce sunan Baba zai mayar. Ya zo Gusau ya ce in ara masa Libarba a ajiye a zaure ranar suna, baƙi su gani. Na naɗe ta na ba shi hannu da hannu. Ashe abin da ke ransa daban. A wajenmu ai ba a babban taro ba a ji tashin bindiga ba, shi kuwa so yake ta Baba ce za ta tashi. Da ya leƙa bakinta ya ga a toshe, sai ya ɗauka lalacewa ce da ta gagare ni nake ɓoyewa. Ya hau mota daga Karakkai, ya ratsa Gusau bai tsaya ba don kada in ji kunya, ya kai ta wajen surukinsa Jatau maƙeri a Bilbis.

Jatau gwani ne a kan bindigar mafarauta, ban rage masa komai ba. Ya duba, ya ce: “Wagga ba ta da lahiya, an cushe mata hanci. Wuta ɗai ka maganinta.” Ya tura ta cikin garwashi yadda yake yi wa garma, aka kama zuga. Darma ta narke ta zubo, suka yi murna. Ƙota kuwa ta kama da wuta, ta cinye ƙurmus kafin a ankara. Duk da haka ba su haƙura ba. Suka ɗura mata albarushi ta baki, suka danna tsumma, suka ɗaure ta a turke don gwaji. Ta yi magana da ƙarfi sau ɗaya a rayuwarta, ban kuma ji ba, ina Gusau. Waɗanda ke wurin sun ce awakin unguwar har bakin rafi suka kai. Gidan harsashi ya tsage biyu, bututu ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, in ban da gefen gemun Jatau.

Yaya ya kawo mini gawar ƙunshe a cikin rawaninsa. Ya ajiye a kan teburin aikina, ya ce: “Taju, so nike yaron ga ya ji muryar kakanai ko sau guda.” Ni kuwa na tona ƙarafan ina neman ƙota, ban samu ko gawayinta ba. Raina ya ɓaci, na ce masa, a gaban maƙwabta, ya sake kashe mana uba. Ya fita kai ba rawani, dattijo mai furfura, ya tafi tasha a ƙasa. An yi suna ban je ba, shi ma bai aiko ba.

Marigayiyar ta bar ƙannenta huɗu a cikin kabad: wata 'yar Jamus marar kunama da na ceto daga hannun mai gwangwan a kasuwar Tsafe, tagwaye biyu na lokacin yaƙin basasa, da wata mai faɗin baki ta harba wutar alama. Dukkansu mutanen kirki ne, amma ba wadda ta san Baba. Ta bar kubenta na fata, yana rataye a ƙusa baki buɗe. Ta bar maiɗakina Wasila, wadda ta sha cewa a fitar mata da tarkacen ƙarfe daga ɗaki, amma ita ta fara fashewa da kuka, ita ce kuma ta wanke rawanin Yaya ta goge ta ninke. Ta bar Jatau, wanda ya aiko da tayin ƙera mini sabuwar ƙota da icen marke. Na gode, Malam Jatau. A bar shi kawai.

Za a rufe ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a tsohon gidanmu na Furfuri, bayan rumbun Inna. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja mini kunne, kuma gaskiyarsa. Addu'ar da za a yi ta Baba ce da Inna. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan har la'asar. Don Allah kada kowa ya zo da bindiga, kada kuma wanda ya buɗe baki ya zagi Haliru a gabana, na riga na yi fiye da kima.

Yaya, in an karanta maka wannan, ka ji ni. Kai ka san fuskar Baba, kai ka ji muryarsa, ni ƙarfe kawai na riƙe. Ka yafe mini, ka zo, ka taho da yaron. An haƙa ramin, amma ba mai zuba ƙasa sai ka iso, ko da rana za ta faɗi muna tsaye.